Kunnen Yayana na Hagu

A bakin rafin da ya raba ƙauyenmu da unguwar kawunnanmu, can yankin Kazage, akwai wani gungumen maɗaci da ya faɗi tun kafin a haife ni. A kansa ake yin sulhu. Kansa ɗaya yana duban gari, ɗaya yana duban rafi. Mai sulhu yakan zauna a tsakiya, fuskarsa ga jama'a, bayansa ga daji. Saboda haka mutumin gari kullum a damansa yake, mutumin ƙetare kuma a hagunsa. Babu wanda ya tsara haka, hanya ce ta kawo kowa inda yake zama. Sai dai akwai doka ɗaya: ba ka tsallakawa ɓangaren abokin rigimarka sai an shirya. Idan ka tsallaka, ka yafe ke nan, maganarka ta mutu.

Yayana ne mai zama a tsakiyar gungumen. Mahaifinmu Bahaushe ne, mahaifiyarmu 'yar Gbagyi ce daga ƙetaren, don haka Yaya yana jin harsunan biyu kamar yadda yake jin yunwa. Hanyar aikinsa ba irin ta alƙali ba ce. Ba ya cewa wane yi shiru, wane yi magana. Sai ya kama wuyan hannun wannan da dama, ya kama na wancan da hagu, ya jawo su har gwiwarsu ta taɓa tasa, ya sunkuyar da kai, ya bar su su yi ta zuba masa ihu a kunne lokaci guda. Yakan ce mutum ba ya faɗin abin da ke cikinsa sai yana zafi, idan ka ba shi fili shi kaɗai sai ya yi maka ado. Idan sun gaji sai ya ɗago, ya maimaita wa kowa abin da ya faɗa, har wanda bai san ya faɗa ba. Daga nan maganar ba ta daɗewa.

Shekarun da nake ba da labari su ne lokacin da aka fara canza mana kuɗi, tsofaffi suna ta rikicewa a kasuwa. A lokacin ne ni ma na shiga ajin yaƙi da jahilci, gemuna ya riga ya fara fari. A ranin shekarar Yaya ya hau wani dogon maje a cikin daji zai rataya amyar zuma, reshe ya karye da shi. Da kai ya sauka. Masu itace suka ɗauko shi ba ya motsi. Mota ɗaya ce a ƙauyen ranar, ta wani ɗan kasuwa da muke ce wa Alhaji, mai sayen hatsi da kalwa, shi ya sauke buhunansa a ƙasa ya kai Yaya asibiti a Birnin Gwari. Yaya ya daɗe bai farfaɗo ba. Da ya dawo gida ɗan kasuwar bai daina zuwa ba, yau sukari, gobe ganyen shayi. Kowa ya ce Allah Ya saka masa, har da ni.

Yaya ya warke, ya koma gona, ya koma gungume. Ƙananan rigingimu suka zo suka wuce. Na fara jin mutanen ƙetare suna gunaguni, wai tun da ya tashi daga jinya hukuncinsa ya karkata wajen gari. Ban ɗauki maganar da nauyi ba, wanda bai yi nasara ba ai ba ya rasa abin cewa.

Sai bazara ta zo, ɗorawa ta nuna. Kawunmu, wan mahaifiyarmu, tsoho ne mai zafin rai, ya daɗe da ara wa ɗan kasuwar nan wata gona mai itatuwan ɗorawa. A wajenmu aron gona daban, itace daban. Kana iya noma ƙasa shekara da shekaru, amma 'ya'yan ɗorawar da ke tsaye a kanta na mai gona ne, sai in ya buɗe baki ya ce ya ba ka. Shekarar nan matan gidan ɗan kasuwar suka riga matan Kawu zuwa da ƙugiya, suka kakkaɓe itatuwan tas. Aka zo gungume.

Ina tsaye kusa, na ji komai. Ɗan kasuwar yana dama yana cewa shekara nawa yana kare itatuwan daga gobarar daji, yana sassabe gindinsu, babu wanda ya taɓa zuwa taya shi. Kawu yana hagu yana cewa ranar da ya ba da aron, a gaban mahaifinmu, ya ce ƙasa kawai, ban da ɗorawa. Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Gbagyi, ya sake faɗa da Hausa, bakinsa kusan a cikin kunnen Yaya. Da suka gaji Yaya ya ɗago. Ya maimaita maganar ɗan kasuwar ba tare da ya bar ko kalma ba. Sannan ya juya ga Kawu.

"Kawu, na ji ranku ya ɓaci ƙwarai. Amma ban ji kun kawo wata hujja ba. Ranar aron, an yi maganar itatuwa?"

Kawu ya zare hannunsa a hankali.

"Ɗan ƙanwata, ni za ka mayar mahaukaci a gaban mutane? Me nake faɗa tun ɗazu?"

"Wallahi Kawu ban ji ba."

"Ba ka ji ba. Na wancan ka ji har da tarinsa. Shayi ne ya toshe maka kunne ɗaya?"

Mutanen ƙetare suka tashi gaba ɗaya. Kafin su shiga ruwa Kawu ya waiwayo ya ce idan an gama shuka zai dawo sau ɗaya, saboda darajar ƙanwarsa da ke ƙasa. Idan abin bai canza ba, babu ɗan unguwarsu da zai sake zama a gungumen nan, za su riƙa kai ƙararsu kotu a Birnin Gwari, kuma kada Yaya ya tako jana'izarsa.

Da muka dawo gida Yaya ya ce mini kunnen hagun ne ya samu matsala tun faɗuwar. Na ce to. Amma ni na ga yadda yake juyowa idan kaza ta yi motsi a hagunsa. Washegari muna gyaran kunya a gona, na zagaya ta hagunsa, na yi ƙasa da murya kamar mai magana da kansa, na ce ƙotar galmata ta tsage. Bai ko ɗago ba ya ce in duba bayan rumbu akwai wata. Na tsaya ina kallon bayansa. Kunnen da ya ji raɗa a fili, iska na kaɗawa, shi ne bai ji ihun Kawu ba?

Daga ranar na sa masa ido. Ni mutum ne mai jira, ba na son tambayar da za a ba ni amsar da aka shirya. Na lura da lokacin da ɗan kasuwar ke zuwa, da tsawon zamansu a zaure, da abin da ake shiga da shi cikin gida. Ban ga komai ba sai sukarin nan. Rashin ganin bai kwantar mini da hankali ba, na ce ai mai wayo ba ya karɓa a zaure. Na yi ta gwada kunnen hagun ta hanyoyi: in kira shi daga bayan danga, in tambaye shi abu da Gbagyi ko ya fara gudun harshen uwarmu ne. Duk ya amsa daidai. Kullum amsarsa daidai, kullum zargina na ƙaruwa.

Matar Yaya ce ta fara kawo wani abu dabam. Ni da ita akwai wasa, tun tana amarya take kirana ƙaramin miji. Na same ta tana tankaɗe, ta dube ni ta gefen ido.

"Ƙaramin miji, kwana biyu kana zagaya maigidan nan kamar kura ta ga akuya a ɗaure. Me ka gano?"

"Na gano kunnensa lafiya lau."

"Lafiya lau ina? Ni da nake kwana gida ɗaya da shi? In ni kaɗai ce, ko numfashi na yi ya ji. Amma bari yara su taru a wannan gefe suna surutu ni ina wancan, sai in yi ta magana kamar da bango. Da na ce ko ya fara raina ni ne, aure zai ƙara."

"Wane gefe kike zama?"

Ta ajiye rariyar ta yi tunani, ta nuna da hannu inda tabarmarsa take da inda murhu yake. Hagu ne.

Na ce mata wannan ma ba hujja ba ce. Mutumin da ya yi ƙarya a gaban jama'a dole ya ci gaba da ita a gida, kada a kama shi. Abin da muke bukata magana ce wadda ba zai iya danne fuskarsa a kanta ba, ko da ya so. Ta ce irin wace? Na ce ban sani ba tukuna, mu jira.

Ba mu daɗe muna jira ba. Babbar 'yarsu tana aure a Saminaka, tana da tsohon ciki, kuma na baya ba su zauna ba. Yaya ba ya maganar, amma duk wanda ya fito daga wannan hanya sai ya tare shi ya gaishe shi fiye da kima. Wata safiya yana gona wani mai keke ya kawo saƙo: ta sauka lafiya, namiji, uwa da ɗa suna cikin ƙoshin lafiya. Matar Yaya ta ɗaga kai za ta yi guɗa, na ce mata don Allah ta haɗiye ta zuwa azahar. Ta ce ni mugu ne, Allah Ya isa tsakaninta da ni. Amma ta haɗiye.

Da ya dawo ya zauna cin abinci a inuwar rumbu, na zauna dab da damansa, ita ta durƙusa dab da hagunsa kamar za ta zuba masa ruwa. Na ɗaga mata gira. Na fara ba shi labarin maƙeri da bai gama mini fartanya ba, ita kuma a daidai lokacin, da murya a kwance kamar mai maganar gishiri, ta ce 'yarsa ta haihu, namiji, suna lafiya. Ina magana ina kallon fuskarsa, ina kallon hannun da ke cikin kwano. Babu abin da ya motsa. Ya ce maƙerin nan dama haka yake, in kai wa na Kazage. Muka sake, ta ƙara matsowa. Ya ɗan juya wajenta.

"Ke kuma me kike ta gunguni? In ruwa ne zuba mana."

Sai na yi shiru. Ta sake faɗa, da murya ɗaya da ta ɗazu. Kwanon ya kife. Ya miƙe tsaye da miya a hannu yana cewa Alhamdu lillahi, yana tambaya yaushe, wa ya kawo, me ya sa ba a zo gona an faɗa masa ba. Matar ta saki guɗar da ta riƙe tun safe. Sai da murnar ta lafa ya dube ni, ya dube ta, ya gane.

"Sau nawa ta faɗa?"

Na gaya masa. Ya zauna, ya daɗe yana goge hannu da ganye.

"Wato kai ma kana cikin masu cewa an saye ni."

"Yaya, ni ina cikin masu son su sani."

"To ka sani. Ni kuma ban sani ba. Na ji muryarta sarai, na san ita ce, na san ba faɗa take yi ba. Amma maganar ba ta iso ba. Kamar ka hango mutum a ƙetaren rafi ruwa ya cika, kana ganin bakinsa na motsi."

Na so in ce zargina ya ƙare a nan, amma bai ƙare duka ba. Wani sashe na zuciyata yana cewa mutumin da ya yi shekaru yana karanta fuskokin masu rigima zai iya gane tarko. Kuma ko ni na yarda, wa zai gaya wa Kawu cewa akwai kunnen da ke ji idan shi kaɗai ne, ya kurumce idan an yi biyu? Ni kaina da wani ne ya ba ni labarin da na yi masa dariya. Don haka muka koma asibiti. Malamin asibitin Birnin Gwari ya leƙa kunnen da 'yar fitila, ya ce babu ƙwaro babu ruwa, ya ba mu takarda zuwa Kaduna.

Muka hau bayan motar katako tare da buhunan doya. Likitan da muka samu matashi ne, Hausarsa ta koyo ce amma tana fita. Ya saurari labarin faɗuwar, ya saurari na haihuwar, ya yi dariya ya ce wa ya koya mana wannan dabara. Sai ya kira wani ma'aikaci, suka sa Yaya a tsakiya, kowa ya kafa baki a kunne ɗaya, suna kiran sunayen abubuwa lokaci guda, wannan ya ce doki wancan ya ce tulu. Duk abin da aka faɗa a dama Yaya ya maimaita. Na hagu, sai ka ce ba a yi ba. Suka canza wuri, abin bai bi mutum ba, gefe ya bi. Suka yi ɗaya bayan ɗaya, ya maimaita duka.

Likitan ya zauna ya tambaye ni ko na taɓa fasa kan rago. Na ce kowace Babbar Sallah ni ke yi a gidanmu.

"Ƙwaƙwalwar, guda ce ko biyu?"

"Ɓari biyu ce, amma a haɗe."

"Me ya haɗa su?"

Na tuna. Idan ka buɗa tsakanin ɓarin biyu da yatsa, can ƙasa akwai wani farin abu mai ɗan faɗi da ya riƙe su, sai ka sa wuƙa yake rabuwa. Ya ce to mutum ma haka. Ya ce a yawancin mutane ɓarin hagu ne ke warware magana, ya raba wannan kalma da waccan, ya kuma mayar da amsa. Ɓarin dama ya fi sanin muryar wane ce, da fushi aka yi ta ko da wasa. Sannan kowane kunne yana da hanya biyu zuwa ciki: babbar hanya da ke tsallakawa zuwa ɓarin da ke ɗaya gefen, da 'yar turba da ke zuwa ɓarin da ke gefensa. Kunnen dama ya huta, babbar hanyarsa kai tsaye take zuwa inda ake warware magana. Na hagu kuwa babbar hanyarsa tana sauke kaya a ɓarin dama, daga nan sai an bi ta kan farin abin nan, kamar gada, a kai wa ɓarin hagu.

Na ce to me ya sa yake jin raɗata a gona? Ya ce saboda babu kowa a hanya. Idan wuri shiru, 'yar turbar ta isa ta kai maganar. Amma idan kunnuwan biyu suka cika lokaci guda, manyan hanyoyin sukan danne ƙananan, sai gadar kaɗai ta rage wa kunnen hagu. A zatonsa, gadar ce ta ji ciwo ranar da Yaya ya faɗo. Ya ce zato ne, ba shi da abin da zai leƙa cikin kai ya gani, amma ya karanta irin haka ga mutanen da aka yi wa aiki a wurin, kuma abin da ya gani yau ya yi kama da shi.

Yaya ya tambaya ko akwai allura. Ya ce babu. Ƙwaya fa? Babu. Wataƙila ya ɗan sassauta da lokaci, wataƙila ya zauna haka. Shawararsa ita ce mutane su riƙa yi masa magana ɗaya bayan ɗaya. A mota muna dawowa na yi ta juya abin, likitan da bai ba da ko ƙwaya ɗaya ba, anya ba sallamarmu kawai ya yi da labari mai daɗi ba? Amma farin abin nan na kan rago na san shi da hannuna, kuma ban gaya masa ba kafin ya tambaya. Da muka wuce rabin hanya Yaya ya ce ɗaya bayan ɗaya ai aikin kotu ne, in haka ne me zai kawo mutane gungume.

Aka gama shuka, Kawu ya cika alkawari. Jama'a ta taru fiye da yadda na taɓa gani, har waɗanda ba ruwansu da ɗorawa. Kafin a fara na durƙusa gaban Kawu na ba shi labarin Kaduna, da ɓari biyu, da gada. Ya saurara yana tauna goro.

"Kai ne mai zuwa makarantar tsofaffin nan ko? Abin da ake koya muku ke nan? Gada a cikin kai. Mota na bi?"

Mutanensa suka kwashe da dariya. Na ce Kawu ba sai kun yarda da ni ba, ku gwada. Ku koma damansa, shi wancan ya dawo hagu, ku gani da idonku.

"In tsallaka? Ka ji yaron nan. In tsallaka in zauna a wurin gari, gobe a ce tsoho ya yafe ɗorawarsa da ƙafarsa. Wa ya kitsa muku wannan, kai ko mai shayi?"

Ɗan kasuwar ya ce shi ma ba ya motsawa, kuma a daina haɗa sunansa da shayi, taimako ya yi don Allah, in ya san abin da zai jawo masa ke nan da ya bar buhunansa a mota. Na ga wasu a ɓangaren gari suna gyaɗa kai. Na ga mutanen ƙetare sun fara naɗe ƙafar wando za su shiga ruwa. Ba ni da wata dabarar.

Yaya yana zaune a tsakiya duk wannan lokaci, kansa a ƙasa. Sai ya miƙe, ya tattare rigarsa, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya tsallake gungumen, ya ɗaga ɗayar, ya zauna a inda yake, amma fuskarsa ga daji, bayansa ga jama'a. Babu wanda ya tsallaka wurin wani. Kawu yana nan a gefen rafi, sai dai yanzu a damansa yake. Ya miƙa hannuwa baya da gefe ya kamo wuyan hannayensu.

"To, bismilla. Ku faɗa mini yadda kuka faɗa wancan karo."

Wani ya yi dariya a baya aka tsawata masa. Kawu ne ya fara, don haushi, ɗan kasuwar ya bi shi don kada a bar shi a baya. Suka yi ta yi. Da suka tsaya Yaya, yana kallon daji, ya maimaita maganar Kawu tun daga ranar aron, da inda mahaifinmu ya tsaya, da abin da aka ce game da itatuwa, har da wani zagi da Kawu ya yi da Gbagyi wanda ya sa matan ƙetare rufe baki. Sannan ya karkata kai hagu.

"Alhaji, na ji kana da zafi. Me ka ce?"

"Kai! Ni yanzu ba ka ji ni ba? Ni da na ɗauke ka a mota?"

Kawu ya saki wata irin dariya har goro ya sarƙe shi. Ya ce, "Ɗanɗana ka ji, Alhaji. Haka na sha."

Yaya ya juyo ya fuskanci jama'a, ya haɗa abin da ya ji wancan karo da na yau. Ya ce gona tana nan a hannun ɗan kasuwa a matsayin aro, itatuwa na Kawu ne kamar yadda aka yi tun farko, kalwar bana a mayar da ita, amma a bar wa matan da suka yi wahalar kaɗowa da ɓarewa wani kaso, kuma daga bana 'ya'yan Kawu su riƙa zuwa sassabe gindin itatuwan kafin lokacin gobara. Ɗan kasuwar ya karɓa ba da daɗin rai ba. A hanya na ji yana gaya wa mutanensa cewa wasa aka shirya, Yaya ya yi kurumtar gangan a karo na biyu don ya wanke ta farko. Har ya bar ƙauyen bai canza wannan magana ba, kuma sukari bai sake zuwa ba.

Kawu ne ya fara tsallakawa, kamar yadda doka ta ce, ya ba Alhaji hannu. Da zai wuce ta gabana ya tsaya.

"Maganar gadarka ban yarda da ita ba. Amma na ga abin da na gani. Ka gaya wa yayanka, ranar da na mutu ya zo, ya zauna ta inda zai ji abin da ake faɗa a kaina."

Daga ranar kowace rigima sau biyu Yaya ke jin ta, sau ɗaya yana duban gari, sau ɗaya yana duban daji. Mutanen ƙetare suka ci gaba da zuwa. Amma aikin bai koma yadda yake ba, shi ma ya sani. Mutum ba ya yin zafi iri ɗaya sau biyu. A zagaye na biyu an riga an huce, an ji abin da abokin rigima ya riƙe, an gyara baki. Masu wayo suka gane cewa idan kana hagu ba ka da asara, sai su ɓoye muhimmiyar maganarsu sai sun zo dama. Sabuwar gardama ta taso kan wace fuska za a fara da ita, gari ko daji, har sai da aka koma jefa tsinke. Wasu rigingimun da da zai kashe kafin la'asar suka riƙa kai mu kotu duk da haka.

Ni kuma ban daina zagayawa ta hagunsa ba. Wani lokaci a kasuwa, cikin hayaniya, sai in matso in faɗi wani abu in ga ko zai amsa. Sau ɗaya, shekaru bayan haka, ya amsa. Na tsaya cak. Ya dube ni ya ce likita ai ya ce wataƙila ya sassauta, ko na manta? Na ce ban manta ba. Ya ce to in sayi gishirin mu tafi, rana na yi.